Agogo biyu a daren Juma'a: gasa naman ƙirjin saniya da ƙwallon 'yan sakandare a Amurka

Daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, duk ƙaramin garin da ka shiga a jihar Teksas ranar Juma'a da yamma za ka ga motoci sun miƙa hanya guda, ta filin ƙwallon makarantar sakandare. Ƙwallon irin tasu ce ta Amurkawa, mai kama da zari-ruga, wadda ake sa hular kwano da sulken kafaɗa. Har dokar ƙasa ta san da wannan dare. Dokar watsa wasanni ta 1961, bayan gyaran da aka yi mata a 1966, a aikace ta hana a nuna wasan ƙwararru na NFL, babbar gasar wannan ƙwallo, daga ƙarfe 6 na yammacin Juma'a a duk tashar talabijin da ke cikin mil 75 da inda 'yan sakandare ke wasa, tun daga Juma'a ta biyu a Satumba har Asabar ta biyu a Disamba. Garin Allen, arewa da Dallas, ya buɗe wa makarantarsa fili mai ɗaukar mutum 18,000 a 2012, kuma ya ci kusan dala miliyan 60.

Yawancin waɗannan mutane daga wurin aiki suke wucewa filin, cikinsu babu komai. Abincin da garin ke alfahari da shi kuwa shi ne babakiyu, wato naman da aka gasa a hankali da zafin hayaƙin itace, ba tare da harshen wuta ya taɓa shi ba, awa goma sha biyu ko fiye. Haɗa su biyun ya yi kama da abu mai sauƙi, har sai ka lura cewa kowanne da agogonsa. Alƙalin wasa zai busa ƙarfe 7 ko 7:30 ko nama ya nuna ko bai nuna ba. Shi kuma naman ƙirjin sa, wato bijimi, bai san alƙali ba, sai lokacin da ya ga dama yake laushi. Duk wanda ya iya wannan aiki, ko mai gidan gashi ne ko ƙungiyar iyayen yara da ke sayar da abinci don tara wa makaranta kuɗi, abin da ya iya shi ne ƙirga lokaci da baya-baya daga hutun rabin lokaci, ya gama da wuri, ya ajiye naman da zafinsa, ya jinkirta yanka.

Kowane yanki da namansa. A jihohin Karolina biyu da birnin Memphis alade ne kan gaba. A tsakiyar Teksas, garuruwan Lockhart da Luling da Taylor da Elgin, sa ne sarki, kuma sana'ar ta samo asali daga mahautan Jamusawa da 'yan Cek da suka yi ƙaura zuwa can, suna kyafe abin da bai sayu ba don kada ya lalace. Kreuz Market na Lockhart tun 1900 yake, Black's tun 1932. A Owensboro ta jihar Kentaki tunkiya suke gasawa. A kwarin Santa Maria na Kalifoniya wata ƙaramar tsoka ce mai kusurwa uku daga cinyar sa, wadda ba ta wuce laba biyu zuwa uku, ana gasa ta kai tsaye a kan garwashi cikin ƙasa da awa guda. Su ba su da matsalar agogo. Mai matsalar shi ne ƙirjin sa, don haka a kansa zan fi tsayawa.

Lissafin farko na kilo ne, ba na wuta ba

Amurkawa da laba suke awo, laba guda gram 454 ce. Cikakken ƙirji kamar yadda yake fitowa daga mayanka yakan kai laba 12 zuwa 16. Bayan an rage kitse kuma wuta ta sha ruwansa, kusan rabi ne ke saura. A nan sababbin shiga ke faɗawa rami: su sayi laba 50 suna tsammanin za su sayar da laba 50. Ƙirji mai laba 14 zai ba ka kimanin laba 7 na nunannen nama. In kana sa kwatan laba a kowane burodi, mutum 28 ke nan. Mai son sallamar mutum 200 yana bukatar laba 50 nunanne, wato laba 100 ɗanye, ƙirji bakwai, na takwas kuma na ko-ta-kwana. In faranti za a yi da yankakken nama da wake da dankali, a lissafa sulusin laba ga kowa, ba kwata ba.

Ma'aikatar noma ta Amurka ta kasa naman sa aji-aji gwargwadon zanen kitsen da ke cikin tsoka: Prime a sama, Choice a tsakiya, Select a ƙasa. Don sayarwa a filin wasa ni Choice nake zaɓa wa mutane. Prime ya fi daɗi amma ribar ƙungiya takan tafi a kuɗinsa, Select kuma ba shi da kitsen da zai jure zaman awa biyar a cikin kula, kafin rabin lokaci ya zama igiya.

In naman daskararre ne, a fito da shi zuwa firji tun Lahadi ko Litinin, domin kowace laba biyar tana cin kwana guda kafin ta saki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma a tuna cewa a gundumomi da yawa ƙananan 'yan wasa ranar Alhamis da dare suke nasu wasan, to iyayen da kake sa ran za su kama maka aiki a daren nan suna can filin. A gama gyaran nama ranar Laraba.

Ƙirji tsoka biyu ne a manne. Akwai shimfiɗaɗɗiya mai ƙarancin kitse, akwai tudun da ke bisa ƙarshenta mai kitse a ciki. Ana gyara shi da sanyinsa, don kitse mai sanyi ya fi bin wuƙa. A bar kitsen baya kaurin kwatan inci, kimanin milimita 6. A cire taurin dunƙulen kitsen da ke tsakanin tsokokin biyu, wannan ba ya narkewa ko za a kwana uku ana gashi. A datse siraran gefuna, a zagaye kusurwoyi, saboda duk abin da ya yi tsini ko ya yi siriri ƙonewa zai yi. Abin da aka datse ba na shara ba ne: kitsen a narka shi, tsokar a jefa cikin wake. Kayan yaji a tsakiyar Teksas biyu ne kacal, gishiri mai manyan ƙwayoyi da baƙin masoro barzajje, rabi da rabi a awon kofi, kuma rabin kofi na haɗin ya ishi ƙirji guda. Masoron garin da ya yi laushi ba ya yin ɓawo, sai dai ya yi caɓi. Kafin a barbaɗa, a yanke ɗan ƙaramin lungu a ƙarshen shimfiɗaɗɗiyar tsoka, a giciye zaren naman. Bayan awa goma sha huɗu naman zai yi baƙi ƙirin, zaren ba zai ganu ba, wannan alama ce za ta nuna wa mai yanka inda zai fara.

Daren Alhamis

Murhun da aka fi sani doguwar ganga ce a kwance, da ƙaramin ɗakin wuta a gefe guda da bututun hayaƙi a ɗaya gefen. Manyan daga tsofaffin tankokin iskar gas ake ƙera su, mai galan 250, mai 500, har mai 1,000, a ɗora kan tirela a ja da a-kori-kura. Itacen tsakiyar Teksas shi ne wanda suke kira post oak, hayaƙinsa ba shi da kaifi. A kudu da yamma meskit ya fi yawa, yana da zafi da ƙarfin wari, in ba a bar shi ya zama garwashi ba sai naman ya yi ɗaci. Hikori da pikan suna tsakani. Kowanne ne, sai wanda ya bushe wata shida zuwa shekara. Ɗanyen itace farin hayaƙi mai kauri yake yi, wanda ke barin wani ɗaci mai sa harshe ya yi dundum. Hayaƙin da ake nema siriri ne, shuɗi-shuɗi, da ƙyar ido ke kama shi a bakin bututu. Ana samun sa ne da ƙaramar wuta mai ci bal-bal da isasshiyar iska. Wanda ya cika itace sannan ya toshe ƙofa don rage zafi, ya shaƙe wutar ke nan, kuma naman zai faɗa wa kowa.

Ga jadawalin wasan ƙarfe 7:30. A kunna wuta ƙarfe 9 na daren Alhamis, a ba ƙarfen awa guda ya ɗau zafi. Nama ya hau ƙarfe 10, tudun yana fuskantar wuta, kitse a sama, da kwanon ruwa a kusa da bakin ɗakin wuta. A riƙe zafin murhu tsakanin digiri 250 da 275 a ma'aunin Farenhait (121 zuwa 135 a na Salsiyos). Duk minti 30 zuwa 45 sai an ƙara faskare guda, wanda aka riga aka ɗumama a kan murfin ɗakin wuta don ya kama nan take. Ma'anar wannan ita ce babu barci. A raba daren tsakanin mutum biyu ko uku, a rubuta wa kowa lokacinsa, domin murhun da ya mutu ƙarfe 3 aka farga ƙarfe 5 ya cinye awa biyu daga lokacin ajiya, kuma a nan ne kaɗai ake da rara.

Wajen awa biyar zuwa shida da hawa, zafin cikin naman zai kai digiri 150 zuwa 170 (66 zuwa 77) sai ya cije. Awa biyu, awa uku, wani lokaci fiye, allurar ma'aunin zafi ba ta motsi. Ba murhun ne ya lalace ba. Naman ne ke zufa, ruwan da ke tashi daga jikinsa yana sanyaya shi daidai gwargwadon yadda wuta ke zafafa shi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa da tsatsafar jikinta. Wanda bai san haka ba sai ya firgita ya zuga wuta, ya ƙone gefuna. Maganin shi ne naɗewa, amma ba don allura ta kai wani adadi ba. A naɗe in ɓawon ya yi duhu ya kama, ka goga da yatsa bai taso ba, kitsen baya kuma ya yi rawaya yana lotsawa. Takardar mahauta marar kakin zuma tana barin tururi kaɗan ya fita, ɓawon ya tsira. Foyil ya fi sauri, ya fi tara romo, amma yana jiƙa ɓawon. Ga naman da za a daddatsa a zuba a burodi, foyil ne daidai kuma romon nan dukiya ne. Ga na yanka a faranti, takarda.

Yawanci yana nuna ne tsakanin digiri 200 da 205 (93 zuwa 96), amma hukuncin na hannu ne. A soka tsinken ma'auni a wuri mafi kauri na shimfiɗaɗɗiyar tsoka. In ya shige kamar cikin man shanu mai laushi, ya yi. Kada a gwada a tudun, shi kullum yana riga nuna kuma zai yaudare ka. Ƙirji takwas ba za su gama tare ba, tsakanin na farko da na ƙarshe ana iya samun awa biyu. Da wannan jadawali za su sauka tsakanin 10 na safe da 1 na rana.

Zaman jira, inda ake cin wasan ko a faɗi

Daga 1 na rana zuwa 6 na yamma awa biyar ce, zuwa rabin lokaci kusan takwas. Mutane kan ɗauki wannan a matsayin ɓata lokaci, alhali ita ce ke gyara naman: jijiyar da ta narke ta zama danƙo tana daidaita a cikin tsoka, zafin waje da na ciki su zama ɗaya. Ƙirjin da aka yanka da saukowarsa ruwansa kan katako yake ƙarewa. Manyan gidajen gashi suna da akwatunan ɗumi da ke riƙe nama a digiri 140 zuwa 150 na tsawon awanni. Iyayen yara kuwa kula ce makaminsu, irin wadda ake zuba ƙanƙara.

Yadda ake yi: in naman ya sauka, a bar shi a naɗe a kan tebur har zafin cikinsa ya sauko wajen 175 (80). Wannan mataki shi aka fi tsallakewa. In aka jefa shi kula yana 203, ci gaba zai yi da dahuwa, da yamma ka ɗauko shi yana wargajewa, ba ya yankuwa. Ana cikin haka a zuba ruwan zafi a kular a rufe minti 30, a zubar, a goge. A shimfiɗa tawul a ƙasa, a jera naman, a cusa tawul a duk inda iska ta samu wuri. A bar tsinken ma'auni mai waya a cikin ƙirjin da ya fi ƙanƙanta, wayar ta leƙo waje, don a riƙa dubawa ba tare da an ɗaga murfi ba. Kula mai kyau cike da nama takan riƙe zafi awa huɗu zuwa shida. Ƙirji guda shi kaɗai a babbar kula ba zai kai haka ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan bai sani ba. Dokar abinci ta FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta ce abinci mai zafi kada ya sauka ƙasa da digiri 135 (57), shawarar ma'aikatar noma ga gidaje kuma 140 (60). A ɗauki 140. Ƙasa da nan ne ƙwayar cutar Clostridium perfringens ke hayayyafa, kuma babban tulin nama da ke hucewa a hankali shi ne gidanta. Gudawar takan fara ne awa 6 zuwa 24 bayan an ci, wato safiyar Asabar rabin gari ya san daga inda ta fito.

Naman da za a sayar a rabin lokaci a mayar da shi tukunyar lantarki mai murfi, irin mai cin kwat 18 (kimanin lita 17) da gidaje da yawa a Amurka ke da ita don gasa talotalo. A nan akwai wani tarko da ba na nama ba. Kowace tukunya tana jan kusan amfiya 12, layin wuta na rumfar sayar da abinci kuwa amfiya 15 ne ko 20. Ka jona biyu a layi guda, ga injin gugguru ga na narka cuku, wuta ta katse, kuma babu mai lura cikin hayaniya sai an buɗe murfi an ji ba tururi. Tun ranar Laraba a nemi mai kula da ginin ya nuna wace kafa ce ke kan wane layi da inda akwatin makatsa yake, a sa tukunya ɗaya a kowane layi.

Minti 28

A wasan sakandare kowane zango minti 12 ne, zango huɗu, amma da tsaye-tsayen agogo wasan yakan ci awa biyu da rabi. Hutun rabin lokaci a yawancin jihohi minti 15 ne zuwa 20. A Teksas, inda hukumar UIL ke tsara wasannin makarantun gwamnati, yana iya kaiwa minti 28, saboda 'yan badujalar makarantun biyu kowa sai ya shiga fili ya yi nasa faretin. Mutum 200 cikin minti 25 na nufin mutum takwas a minti guda. Mai wuƙa ɗaya, komai ƙwarewarsa, in yana yanka wa kowa a gabansa yana aunawa, da ƙyar ya sallami biyu a minti. Lissafin kaɗai ya raba gardama: yankakken nama a faranti na kafin wasa ne, daga buɗe ƙofa zuwa busa ta farko, lokacin da mutane ke shigowa jefi-jefi. Na rabin lokaci datsattse ne a cikin burodi.

Kuma ko babu layi, ba a yanka ƙirji a jera shi yana jira. Cikin 'yan mintoci fuskarsa ke bushewa ta yi duhu. Ana ɗauko ɗaya, a yanka iya na wanda ke tsaye, a kifa yankakkiyar fuskar a kan katako ko a rufe da takardarta. Doguwar wuƙa, inci 12, ana ja ba a dannawa. Shimfiɗaɗɗiyar tsoka kaurin fensir, a giciye zare daga alamar nan da aka yi ranar Laraba. In an iso inda tudun ya hau, a raba, a juya tudun kwata guda, domin zarensa wata hanya ya bi, a yanka shi da ɗan kauri. Wanda ya manta juyawar zai ba mutane naman da ke jan haƙori alhali ya nuna lugub.

Datsattsen kuwa a haɗa tsoka da tudu da ɓawo, a zuba romon foyil, a ɗan sa miya kaɗan don ya riƙe danshi, sauran miyar a bar ta a kwalba kowa ya zuba da kansa. A auna da ludayi guda da aka gwada a sikeli, kada a bar wa kowane ɗan sa-kai hannunsa, in ba haka ba naman mutum 200 zai ƙare a kan na 150. Burodin da aka cika aka naɗe a foyil yana da kamar minti 20 kafin ya jiƙe ya zama ƙullu. Saboda haka a sa yaro ɗaya ya tsaya inda yake hango allon maki. Da agogo ya nuna saura minti 6 a zango na biyu, ya ruga ya faɗa, a fara naɗewa. Wannan minti 6 na allo kusan kwatan awa ne a agogon hannu. Tebur biyu, masu karɓar kuɗi daban da masu taɓa abinci, farashi kuma cikakkun daloli don kada canji ya tsayar da layi.

Sai dai wasa ba ya bin alkawari. In aka ji tsawa ko aka ga walƙiya, ƙa'ida ita ce a dakata minti 30 daga ta ƙarshe, kuma duk sabuwar walƙiya tana mayar da ƙirgen farko. Rabin lokacin 8:40 sai ya koma 10. Wannan shi ne dalilin da ba a daddatsa duka a lokaci guda: ƙirjin da ke naɗe cikakke yana jure jira, datsattse ba ya jurewa. A mafi ƙanƙantar makarantu na Teksas, masu wasan mutum shida-shida, matsalar ta juye: in wani ɓangare ya ba da ratar maki 45 daga rabin lokaci zuwa gaba, wasa ya tashi nan take, kowa ya kama hanyar mota.

Wanda ba zai iya kwana gaban wuta ba yana da mafita biyu. Ta farko kaza da sosej. Cinyar kaza haɗe da ƙafarta tana nuna cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu a digiri 300 zuwa 325. A ƙasa da haka fatar roba take zama. Doka ta ce cikinta ya kai 165 (74), amma cinya ta fi daɗi a 175 zuwa 180. A arewacin Alabama farar miya suke tsoma ta, ta mayonis da binega da masoro, wadda gidan Big Bob Gibson na Decatur ya shahara da ita tun 1925. Sosej awa guda ya ishe shi, ya kai 160 (71), a naɗe shi a yankin farin burodi ko totiya (siririn gurasar Meziko), ba abin da ya kai shi saurin sayarwa. Abu guda da ya kamata mai saye da mai sayarwa su sani: ko an rubuta naman sa ne zalla, sau da yawa rigar sosej ɗin hanjin alade ce. Makarantar da ke da iyalai Musulmi ko Yahudawa ta tambayi mai yin sa, ta rubuta a allo, ta ware katako da wuƙa da wurin gashi.

Mafita ta biyu ita ce saye daga gidan gashin garin, kuma a ganina ita ta fi dacewa da ƙungiyar da ba ta da gogaggen mai wuta. Amma a san halinsu. Gidajen da suka yi suna yawanci ƙarfe 11 na safe suke buɗewa, su rufe da zarar nama ya ƙare, sau da yawa kafin la'asar. Snow's na garin Lexington ma Asabar kaɗai yake buɗewa. Wanda ya je ƙarfe 5 na yammacin Juma'a neman laba 50 zai dawo hannu rabbana. Ana ba da oda mako guda ko biyu kafin ranar, a ce cikakken ƙirji ake so, ba a yanka ba, a naɗe, a je da kular da aka riga aka ɗumama, a auna zafinsa a gaban mai gidan kafin a sa a mota. A sanannun gidaje laba guda ta haura dala 30 a shekarun nan, to burodi mai kwatan laba ya ci dala bakwai da rabi tun kafin a sa kuɗin burodin. Shi ya sa ƙungiyoyi ke sayar da tikitin faranti tun farkon mako, su san adadi kafin su zuba kuɗi, ko su nemi mai gidan ya kawo tirelarsa ya sayar da kansa ya ba makaranta kaso.

Mahaɗi ba ya bukatar dogon bayani. Farin burodi, tsamammen kokwamba, ɗanyar albasa, su ke kashe maiƙon. Laba guda ta busasshen wake tana ba da rabin kofi ga mutum 12. Kwaɗon dankali da na kabeji su zauna kan ƙanƙara, digiri 41 (5) ko ƙasa. Wasannin farkon kaka ana fara su cikin zafin da ya wuce digiri 90 (32), kuma a irin wannan zafi awa guda ce iyakar abin da abinci zai yi a waje. Abin sha shayi ne mai sanyi da sukari, ko Dr Pepper da Big Red, dukansu 'yan garin Waco. Giya haramun ce a dokar Teksas a harabar makarantar gwamnati da filin da ake wasanta, har wurin ajiye motoci.

Takardu kuma kada a raina su. Sayar wa jama'a abinci yakan bukaci izinin wucin gadi daga ofishin lafiya na birni ko na gunduma, kuma wurare da dama ba sa yarda da naman da aka dafa a gida, sai a wurin ko a ɗakin girki mai lasisi. Za su nemi wurin wanke hannu, robobi uku na wanki da ɗauraya da tsarkakewa, da ma'aunin zafi. A shekarar fari gunduma kan hana kunna wuta a waje, a tambaya ko murhu mai murfi yana ciki. A makarantu da yawa rumfar abinci haƙƙin iyayen 'yan badujala ce, daga nan suke samun kuɗin kayan kiɗa da mota, to duk wanda zai kafa tebur a bakin ƙofa ya fara zama da su. Ƙa'idojin tarayya na abincin da ake sayar wa ɗalibai ba su shafi wannan dare ba, suna ƙarewa ne minti 30 bayan tashin makaranta.

'Yan wasan kansu ba a ba su ƙirji kafin wasa. Abincinsu awa uku zuwa huɗu kafin busa ne, taliya ko shinkafa da kaza marar maiƙo, domin kitse yana daɗewa a ciki kuma yaron da zai yi gudu da sulke cikin zafi zai dawo da shi a gefen fili. Rabonsu na bayan wasa ne, wajen ƙarfe 10. A ware musu ƙirji biyu tun rana a wata kula daban, a ɗaure ta, a rubuta a murfi, in ba haka ba layin rabin lokaci zai cinye shi. Kula ba za ta riƙe zafi har wannan lokaci ba, don haka kafin ya sauka ƙasa da 140 a mayar da shi tukunyar lantarki.

Abin da ya rage bayan an kashe fitilu, in bai taɓa sauka ƙasa da 140 ba, ana iya ajiye shi, amma ba a mayar da shi kula a ce sai da safe. A baje shi a faffaɗan tire, kaurinsa kada ya wuce inci biyu, a sa a firji a buɗe. Ya sauko zuwa digiri 70 (21) cikin awa biyu, zuwa 41 cikin awa huɗu na gaba, sannan a rufe. In za a ɗumama, ya kai 165, da ɗan romo a ƙasan tiren. Wanda allura ta nuna ya huce tun ba a san yaushe ba, a zubar da shi ko laba nawa ne.